Maganin Inna da aka raba gida uku

Mu a gidanmu ba a kawo abu daga Yamai a ajiye shi wuri ɗaya. Ko sabulu ne sai an yanka shi uku, dabino kuwa ƙirga shi ake yi. Tun rasuwar Baba haka Yaya Sale, babban wanmu, yake riƙe da gidan: sassa uku, nasa da na 'yan'uwanmu maza biyu, kowa da matarsa, kuma babu wadda za ta ce an ba wata an hana ta. Mutanen ƙauyenmu har misali suke yi da mu. Ni kaina na sha cika baki da wannan a gaban abokan aikina a lakwal ɗin da nake koyarwa a Filingue. Ashe da wannan rabon ne muka yi ta shayar da uwarmu guba muna yi mata sannu.

Shekara biyar Inna tana fama da ciwon gaɓɓai. Yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe, da safe ko buta ba ta iya ɗauka sai rana ta ɗago ta gasa su. An yi shafe-shafe, an yi turare, an sha saiwa iri-iri. Ƙarshen hutun damina na ce ya isa haka, na ɗauke ta muka tafi Yamai wurin wata likitar ƙashi. Matar nan ba ni da abin da zan ce mata sai godiya. Ta duba Inna a tsanake, ta sa aka auna jininta, ta rubuta magani na wata uku, 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, sunansa metotireksat. Ta ɗaga yatsu huɗu a gaban Inna, ta ce da 'yar Hausarta mai gardin Zabarmanci, "Mama, huɗu, rana guda kaɗai cikin bakwai. Ba kullum ba. Wace rana kike so?" Inna ta ce Juma'a. Likitar ta rubuta a jikin kwalin da Faransanci, ta ja layi biyu a ƙasa.

Laifina na fari a nan yake. Da muka iso ƙauye mai babur yana jirana a ƙofar gida, washegari ake buɗe lakwal. A tsaye na miƙa wa Yaya kwalin na ce, "Huɗu, sau guda ga bakwai, ran Juma'a." Ban shiga na tara matan gidan na gaya musu da bakina ba. Rubutun da ke jikin kwalin kuwa duk gidan ni kaɗai nake iya karanta shi, ni kuma na hau babur na tafi.

Abin da ya biyo baya, daga baya na san shi. Inna ba ta da tukunya tata. Kwana bibbiyu take ci a kowane sashe: na Hajo matar Yaya, sai na Mariya matar mai bi masa, sai na Zali matar autanmu. Yaya ya yi lissafi irin nasa, ya ga Juma'a ba a hannun mace ɗaya take faɗawa ba, yau wannan gobe waccan. Sai ya zazzage maganin ya kasa shi uku, sha shida-shida, ya bi ƙofa-ƙofa yana cewa huɗu, sau guda ga bakwai. Lokacin girbin gero ne, hankalinsa yana gona, Juma'ar ta maƙale masa a hanya. Kowace mace ta duba ta ga ai girkinta kusan sau ɗaya yake zagayowa a mako, to ranar nan ce ranar magani. Haka Inna ta koma shan na mako guda duk bayan kwana biyu. Matan nan suna haɗuwa a rijiya, suna haɗuwa a wurin sussuka, babu zancen garin da ba sa tonawa, amma ko sau ɗaya wata ba ta ce wa wata, yau na ba tsohuwa maganinta ba. Kowace tana ɓoye hidimarta kamar adashi.

Makon farko na kira Yaya ya ce da sauƙi. A ƙasarmu ta Kurfai ko mutum yana shure-shuren mutuwa da sauƙi za a ce maka, na san haka sarai, amma na karɓa don shi nake son ji.

Mako na biyu bakinta ya fara fashewa, abinci ya fita ranta, tana yawan tashin zuciya. Aka haɗa ni da ita a waya, na ji muryarta ta yi nauyi kamar mai tauna wani abu. Ta ce, "Zahi na, Ramatu, ba komi." Na ce a ba ta zuma. Na tambayi Yaya ko ana ba ta maganinta, ya ce ko sau guda ba a yi fashi ba. Har albarka na sa wa matan. A makon nan aka jiƙa mata bagaruwa tana kurkure baki, aka ba ta ruwan kanwa. Kawu Garba, ƙanen Inna, wanda bai taɓa jin wata cuta ya rasa maganinta ba, ya sayo mata wasu fararen ƙwayoyi wurin mai tallar magani a kasuwa, irin waɗanda muke kira kotiri, ya haɗo da jajayen nan na ciwon jiki. Su ma aka ɗora mata.

Mako na uku ko ruwa sai da hawaye take haɗiya. Ga gudawa, ga masassara. Suka kai ta ɗakin shan magani na wani ƙauye kusa da mu, aka soki yatsarta aka auna jini, aka ba ta maganin cizon sauro. Ba a tambaye su ko tana shan wani abu ba, su ma ba su faɗa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne ƙwazon matan gidanmu. Da suka ga ƙwaya ba ta wucewa, sai suka koma niƙa ta da bayan cokali, su dama a kunu, wata ta tallabe kan Inna wata ta ɗura mata, ana cewa daure Inna, maganin Yamai na. Ta cikin wannan ɗanyen bakin suke tura shi.

Daga nan Kawu Garba ya ce mugun jini ne ya taru, ga shaida nan baƙaƙen tabo sun fito mata a hannu da cinya. Ya kira wanzami aka yi mata ƙaho a baya, tsaga shida. Jinin da aka tsaga da hantsi har azahar bai tsaya ba. An danna toka, an danna garin bagaruwa, yana ta tsattsafowa. Sai a lokacin aka ga ya kamata a kira 'yar lakwal.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin warin ya tare ni. Wari ne irin na naman da ya kwana a ƙulle cikin leda, ya gauraya da na gudawa da hayaƙin turaren da aka banka don a ɓoye shi. Ban san lokacin da na kai mayafi hanci ba, kuma Inna ta gan ni. Wannan kallon ba zan manta da shi ba. Leɓunanta sun yi baƙin ɓawo sun manne, in ta buɗe sai su tsage. Harshe da dasashi duk sun saɓule, wani farin abu ya rufe su, yawu mai jini yana dalala a gefen bakinta cikin wata tsohuwar tasa da ƙuda ya baibaye. Na gyara mata ɗankwali sai gashi ya biyo hannuna. Zanen da take kwance a kai ya jiƙe ya daskare. A cikin ɗakin nan kuwa mata bakwai ne zaune sun zo dubiya, suna ɓarar gyaɗa suna zancen wake ya yi kyau bana.

Kawu ya ce a dakata, an aika wurin malam, rubutu yana tafe. Na ce masa, "Kawu, ka yi naka, ga shi nan muna gani." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar, kuma har yau bai daina faɗa wa mutane ba.

A amalanke muka fitar da ita zuwa bakin hanya, daga nan mota zuwa Filingue. Ma'aikacin jinyar da muka tarar, Allah ya saka masa da alheri, ya danne tsagar da hannunsa har ta lafa, ya sa mata ƙarin ruwa, ya dube ni ya ce kada mu ɓata lokaci, wannan sai Yamai. Washegari da sassafe muka kama hanya, ni da Yaya. A Baleyara muka tarar da motocin dabbobi sun toshe hanya, muka yi tsaye kusan awa guda cikin zafi, Inna tana kan cinyata, masu talla suna turo mana soyayyen nama ta taga.

Asibitin da muka je a Yamai ba zan kama sunansa ba. Daga hantsi har la'asar muna kan tabarma a baranda, layi bai motsa ba sai ga wanda ya san wani. Makewayin wurin, gara mutum ya riƙe abinsa. Sau uku ina canza wa Inna zane a bayan mayafin da Yaya ya kare mu da shi, mutane suna tsallake ƙafafunta. Amma a wurin nan dai muka gamu da wani likita matashi, ɗan siriri, wanda ko abincin rana ban ga ya ci ba. Ya haska bakinta, ya dubi tabon jikinta, ya tura aka auna jini da gaggawa. Da takardar ta dawo ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya me take sha. Na faɗi sunan maganin, na ce huɗu duk Juma'a, yau bai fi kwana ashirin da biyar da farawa ba. Ya ce ina sauran.

Yaya ya gyara tsayuwa. "Wallahi likita ba mu yi sakaci ba. Ya ƙare sarai, ko guda bai saura ba. Dama ina son in ce ma Ramatu ta ƙaro muna."

"Maganin wata uku ne ya ƙare?"

"Matanmu ba su wasa da tsohuwa," in ji Yaya.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya sa Yaya ya faɗi yadda aka yi, ƙofa-ƙofa, ni kuma ina tsaye ina ji. Ya ce maganin nan a sau ɗaya a mako magani ne, in aka matsa shi kusa da kusa guba ne. Ya ce ɓargon da ke yin jini ya tsaya cak, sojojin da ke tsare jiki sun ƙare, abin da ke daskarar da jini shi ma ya ƙare. Kalmar da ya rubuta, aplazi, ta zauna mini a kai. Da na ambaci kotirin Kawu sai ya rufe ido, ya ce wannan da wancan ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, ya ninka ɓarnar. Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa, babban mutum, a gaban kowa.

Likitan ya ce maganin yana da makari, wata allura da ake kira asid folinik, kuma duk awar da ta wuce hasara ce. Na bi farmasi ɗaya bayan ɗaya a cikin Yamai, wannan ya ce babu, wancan ya ce bai taɓa jin sunanta ba, wani ya ce in dawo jibi. Sai rana ta biyu na samu. Abin da muka sayar don jinyar nan ba shi ya dame ni ba, ba zan tsaya kansa ba. Jini ne ya nuna mini mutane. Da aka ce ana neman masu bayarwa, ni da Yaya muka ba da, autanmu ya zo ya ba da. 'Yan garinmu mazauna Yamai kuwa, waɗanda tun daren jiya kowa yake bugo waya da sunan wani boka ko wani ganye, duk sai suka zama masu hawan jini.

Dubiya dai ba su fasa ba. Likita ya keɓe Inna a wani ɗan ɗaki ya ce ban da mai jinya kada kowa ya shiga, ko mura ta ishe ta. Na tsaya a bakin ƙofa ina ba mutane haƙuri, ana ce mini boko ya ɓata ni. Wata 'yar'uwar Baba ta faki idona na je wanke zannuwa, na dawo na tarar da ita zaune a bakin gadon tana tari, tana tofa wa Inna addu'a a fuska. Da na fitar da ita ta ce tun ba a haife ni ba take tare da Inna. Ban ce ita ta jawo abin da ya biyo baya ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ina ganin tofin nan a idona har yanzu.

Kwana takwas ina goge bakin Inna da auduga da ruwan da suka ba ni, tana riƙe hannuna don zafi. Warin da na toshe wa hanci a ƙauye ya zama nawa, yana jikin tufafina, yana cikin abincina. A kwana na tara ɓawon ya fara faɗuwa, ta sha kunu cokali biyar. Likitan ya ce jinin ya ɗan motsa, amma kada mu saki jiki. Ranar da la'asar, muna mu biyu, na yi mata tambayar da take cina.

"Inna, ba ki ji abin da likitar ƙashi ta ce ba?"

"Na jiya," ta ce a hankali. "Juma'a tac ce."

"To kin sani kika yi ta sha?"

"Hajo ta kawo ran Juma'a, na sha. Ran Lahadi ga Mariya ta durƙusa, ruwa ga hannu guda, magani ga guda. In ce mata mi? In ce na amshi na Hajo, nata ba ni so?"

"Sai ki ce likita ta hana."

"Ta koma ɗaki ta ce tsohuwa ta hi son matar babba? Shekara nawa nike lallaɓa gidanga, Ramatu. Na ce magani na, in ya yi yawa iyaka shi yi ɗaci."

Haushi ya cika ni har wuya, haushinta, haushin Yaya da rabonsa, haushin kaina da babur ɗina, haushin wannan kara tamu da mutum zai haɗiye abin da zai kashe shi don kada fuskar wani ta ɓaci. Ga ta kwance ba ta da ƙarfin da zan yi mata faɗa.

Ta jawo hannuna. "Kada ki hwaɗa musu. Ɗiyan mutane na, alheri sunka yi nuhi. In sunka ji, gidan ya watse. Ki yi mini alkawali."

Na yi mata, don a lokacin ina ganin za ta tashi, mu koma gida, in san yadda zan warware shi a hankali.

Kwana biyu bayan nan masassara ta dawo da ƙarfi, ta sauka a ƙirji. Suka canza allurai, suka sa mata iska a hanci, likitan nan yana shigowa sau huɗu sau biyar a yini. Jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Ranar Laraba da hantsi, ina jiƙa mata leɓe, Inna ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. A Yamai aka yi mata sutura, muka koma ƙauye zaman makoki.

A wurin zaman zance ɗaya ne: maganin Yamai ya fi ƙarfin tsohuwa. Ana faɗa ana satar kallona. Kawu Garba ya ce da an bar ta a hannunsa da yanzu tana zaune. Ni da Yaya mun san gaskiyar, muka bar su a kan haka. Shi ya sa nake rubuta wannan, na kuma sauya sunayen kowa. In aka ba naku maganin da ake sha sau ɗaya a mako, ku bar shi a hannun mutum ɗaya, ku sa masa rana ɗaya, kowa a gidan ya san ranar. Kada a raba shi, kada a ɗora masa na mai talla. In baki ya fara fashewa ko tabo ya fito, a tsayar da shi a nufi asibiti a ranar, da kwalin a hannu. Kuma ku tambayi tsofaffinku sau biyu, don ba za su ce muku a'a ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, ina bayan rumbu ina wanke kwanuka sai ga Zali, matar autanmu. Ita ce ƙaramarsu, kuma ita Inna take kira in tana son a yi mata tsifa. Ta durƙusa kusa da ni, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan ƙullin leda. Ƙwayoyi huɗu ne masu ruwan ɗorawa.

"Yaya Ramatu, ni na kashe Inna," ta ce. "Girkina na ƙarshe na zo ba ta, na ga bakin, na kasa. Tausai ya kama ni. Na ɓoye, na ce ma Yaya rabona ya ƙare. Su Hajo duk sun cika nasu, ni ɗai na yi hwashi. Da na ba ta wanga, da ba ta tahi ba."

Na dubi ƙwayoyin a tafin hannunta. A duk gidan ita kaɗai ce ta taɓa kallon bakin Inna ta janye hannu. Na buɗe baki in gaya mata haka, sai na ga ba yadda zan wanke huɗun nan ba tare da na gaya mata abin da sha biyun da ta bayar suka yi ba. Na karɓi ƙullin na ce, "Ba wannan ba ne, Zali. Kwana ne ya ƙare." Ta girgiza kai, ta ce na faɗa ne don in sanyaya mata.

Wata takwas ke nan. Mijinta ya ce mini tun daga ranar Zali take azumin Litinin da Alhamis, tana roƙon Allah ya yafe mata huɗun da ba ta bayar ba. Duk zuwan da zan yi ƙauye da niyyar gaya mata nake tafiya, in gan ta ta rame, ta tare ni da ruwa, in sha in dawo Filingue ban faɗa ba.